Faɗan Ingila da Faransa, Ribar Mai Kanti

Tun da sojoji suka karɓi mulki a Mali da Burkina Faso da Nijar, suka sallami dakarun Faransa, wata magana ta kama bakin masu sharhi. Wai tunda manyan ƙasashe suna rububi a kanmu, kakarmu ce ta yanke saƙa: wannan ya taya, wancan ya taya, mu sallama wa wanda ya fi sakin hannu. Maganar tana da daɗin ji, kuma ban ce babu ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Sai dai an taɓa cin irin wannan kasuwa, kuma ba sau ɗaya ba. Ingila da Faransa sun daɗe suna gaba, sun gwabza a Indiya, sun yi tsere a bakin Kwara. A duka wuraren biyu mai ƙasa ya tashi a tutar babu. Wanda gasar ta yi wa rana shi ne kamfani, wato taron 'yan kasuwa masu hannun jari, waɗanda suka shigo da sikeli suka ƙare da igwa da kotu da littafin haraji. Abin da nake gani shi ne, gabar ƙasashen nan biyu ita ce ta ba mai kanti hujjar riƙe bindiga, kuma sarakunan da suka zaci za su yi wasa da gabar su ne aka fara haɗiyewa.

A Indiya aka koyi sana'ar. Ranar ƙarshe ta shekarar 1600 Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta ba wasu attajiran Landan takardar izinin su kaɗai za su yi fatauci daga Ingila zuwa gabas. Kamfanin East India ke nan. Barkono suke nema da kayan yaji, daga baya yadin auduga da siliki da baba. Faransa ta makara, sai a 1664 Colbert, ministan Sarki Louis na 14, ya kafa nata kamfanin, wanda ya yi mazauni a Pondicherry. Fiye da shekara ɗari Turawan nan baƙi ne 'yan haya a bakin teku. Suna kai gaisuwa fada, suna roƙon a rage musu kuɗin fito, suna cin bashi a hannun attajiran ƙasa. Da kamfanin Ingila ya ji kansa ya isa, ya ja daga da Sarki Aurangzeb na daular Mughal a 1686, kashin da ya sha sai da ya tura wakilai neman afuwa, ya biya tara, sannan aka bar shi ya koma rumfarsa.

Aurangzeb ya rasu a 1707, daular ta fara sassautawa, gwamnonin larduna kowa ya zama sarkin kansa, kowace karaga da rigimar gadonta. Ana cikin haka yaƙin Turai ya biyo jirgin ruwa. Can ana faɗa a kan wanda zai gaji sarautar Ostiriya, abin da bai shafi masaƙin Indiya ko da ƙwayar zarra ba, amma a 1746 Faransawa suka ƙwace Madras daga hannun Ingilishi. Sarkin yankin, Nawab na Karnatik, ya ga baƙi biyu suna dambe a tsakar gidansa ba da izininsa ba, ya tura ɗansa da mayaƙa wajen 10,000. A bakin kogin Adyar wata 'yar rundunar Faransa da da ƙyar ta kai mutum dubu, mafi yawansu 'yan Indiya ne da aka koya wa fareti da harbi a jere, ta watsa su. Gwamnan Pondicherry, Dupleix, ya gane abin da ya gani. Yana da hajar da ta fi yadi tsada: soja. Duk ɗan sarkin da ke neman gadon ubansa zai saya, kuma idan ba shi da tsabar kuɗi, sai ya biya da harajin gunduma. Haka aka yi a Haidarabad, inda a 1753 aka ba hafsan Faransa Bussy harajin wasu larduna na bakin teku don ya riƙa biyan dakarun da ke tsaron sarki.

Ingilishi suka kwaikwaya, suka fi mai abin iyawa. Faransa ta goya wa Chanda Sahib baya a rigimar Karnatik, su kuma suka ɗauki Muhammad Ali. Wani matashi da ya zo Indiya a matsayin akawu, Robert Clive, ya yi suna a Arcot a 1751. Muhammad Ali ya hau karaga, amma ya hau ta da bashin kamfani a wuyansa, bai kuwa sauke shi ba har ya mutu.

Sai Bangal, lardin da ya fi kowanne arziki. A 1756 sabon Nawab, Siraj ud-Daula, ya hana Turawa ƙara ganuwa a garuruwansu. Ingilishi suka ce ai saboda Faransa suke yi. A riƙe wannan amsa, domin za ta yi ta dawowa. Siraj ya ci Kalkata, Clive ya zo ya ƙwato ta, ya wuce ya ci garin Faransawa na Chandernagore a Maris 1757. Siraj ya yi ta aika wa Bussy wasiƙa, abin da ya samu a ranar tsanani bai wuce 'yan harba igwa kamar hamsin ba. Ranar 23 ga Yuni 1757, a Plassey, Clive yana da mutum kamar 3,000, Siraj yana da wajen 50,000. Amma an riga an gama ciniki kafin a harba harsashin farko. Gidan Jagat Seth, manyan masu ba da rance na Bangal, sun gaji da Siraj. Babban hafsansa, Mir Jafar, an yi masa alkawarin karaga, ya tsaya da rundunarsa yana kallo. Clive shi kaɗai ya tashi da fam 234,000. Bayan shekara uku kamfani ya tuɓe Mir Jafar ya naɗa surukinsa Mir Kasim, daga baya ya kori wannan ya dawo da wancan, kowane naɗi da kuɗinsa.

Abin da ya fi Plassey nauyi a wurina shi ne takardar 1765. Bayan yaƙin Buxar, Sarkin Mughal Shah Alam na biyu ya miƙa wa kamfani ikon karɓar harajin Bangal da Bihar da Orissa. Kafin nan, kamfani azurfa yake kwasowa daga Turai ya sayi yadi. Daga ranar, da harajin manomin Bangal yake sayen yadin masaƙin Bangal, ya loda a jirgi. Ƙasa tana fitar da kaya, ba abin da ke shigowa a madadinsu. Da fari ya zo a 1769 da 1770, yunwa ta kashe miliyoyi, wasu ƙiyasin na cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen lardin. Warren Hastings da kansa ya rubuta wa shugabanninsa na Landan cewa harajin da aka tara a 1771 ya ɗara na 1768. Sarki, komai zaluncinsa, yana tunanin wanda zai yi masa noma baɗi da kuma abin da zai bar wa ɗansa. Ma'aikacin kamfani kuwa so yake ya tara nasa cikin 'yan shekaru ya koma gida kafin zazzaɓi ya kashe shi, mai hannun jari a Landan kuma ribar bana yake tambaya.

Duk da wannan wawaso, a 1772 kamfanin ya doshi karyewa. Gwamnatin Ingila ta ranta masa fam miliyan 1.4 a 1773, ba mamaki, 'yan majalisa da dama suna da hannun jari a ciki. 

Faransawa fa? An kira Dupleix gida a 1754 saboda masu kamfani riba suke so, ba yaƙi ba, ya mutu a talauce. An ci su a Wandiwash a 1760, Pondicherry ta faɗi a 1761, kwamandansu Lally aka sare masa kai a Paris. Sulhun 1763 ya mayar musu da garuruwansu na ciniki, ƙarfin ya riga ya tafi. Ingila ta fi su jiragen yaƙi, kamfaninta kuma ya fi samun rance. To amma ga abin lura: bayan Faransa ta daina zama barazana ta gaske a Indiya, sunanta ya ci gaba da yi wa kamfanin Ingila aiki. Da Napoleon ya sauka Masar a 1798, Gwamna Wellesley ya samu abin da yake nema. Tipu Sultan na Maisur ya daɗe yana neman ƙawance da Faransa, har jakadu ya tura Paris. Abin da ya zo masa 'yan sa-kai ne kamar ɗari daga tsibirin Moris. Wannan ya isa hujja. A Mayu 1799 aka kashe shi a ƙofar birninsa. Sarkin Haidarabad kuwa aka sa shi ya rushe rundunarsa mai hafsoshin Faransa, ya karɓi sojan kamfani, shi zai biya su, da kuɗin ya gagara ya ba da ƙasa. A farkon ƙarni na 19 sojan kamfanin ya haura 200,000, kusan dukkansu 'yan Indiya. Sai da boren 1857 ya girgiza komai sannan gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin a 1858.

Mutum zai zaci an yi hankali. Ba a cika shekara ashirin ba, a 1877, wani tsohon hafsan sojan Ingila, George Goldie, ya iso bakin Kwara don duba wani ƙaramin kamfani da danginsa ke da jari a ciki. Ya tarar da kamfanonin Ingila suna gasar sayen manja, gasar tana ɗaga farashi, masu manja suna jin daɗi. Wannan ita ce gasar da take amfanar mai kaya, kuma ita Goldie ya fara kashewa. A 1879 ya haɗe kamfanonin wuri guda. Da kamfanonin Faransa biyu suka shigo kogin suka buɗe tashoshi, sai ya karya farashi, ya yarda ya yi hasara har suka gaji, ya saye su a 1884, gab da taron Barlin, inda ƙasashen Turai suka zauna kan yadda za su raba Afirka. Ya je taron yana ba wakilan Ingila shawara, kuma suka iya cewa babu tutar kowa a ƙasan kogin sai tasu.

Sannan ya shiga tara takardu. Ɗaruruwan yarjejeniyoyi, da yawansu bugaggu ne, an bar gurbin sunan gari da na sarki. A 1885 ya tura Joseph Thomson ya riga wani Bajamushe, Flegel, isa wurin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu a Wurno, daga nan ya wuce Gwandu. Takardar da Thomson ya koma da ita ta ce an ba kamfani iko a gaɓar Kwara da Binuwai, shi kuma zai riƙa kawo kaya na ƙimar buhun wuri 3,000 duk shekara. A idon fadar Sakkwato, baƙin fatake ne aka yi wa izinin ciniki, suna kawo gaisuwa kamar yadda kowane baƙo ke yi. A teburin Turai kuwa takardar ta zama shaidar mallaka. Ba na ɗora wa Sarkin Musulmi laifin rashin wayo. A tsarin da ya sani, mai kawo gaisuwa shi ne na ƙasa. Abin da bai sani ba shi ne akwai wata kotu can nesa da za ta karanta takardar ba tare da ta kira shi ba.

A Yulin 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin takardar izini ta sarauta, ya zama Royal Niger Company, da ikon yin doka, karɓar kuɗin kwastan, kafa kotu da ajiye soja. Me ya sa gwamnatin da ta ga abin da ya faru a Indiya ta sake yin haka? Domin tana son ta tare Faransa da Jamus, baitulmalinta kuma ba ya son kashe ko sisi. Goldie ya ce zai yi kyauta. Ba kyauta ba ce, mutanen kogin ne suka biya.

Takardar ta hana kamfanin kankane ciniki, taron Barlin kuma ya ce kogin a buɗe yake ga kowa. A aikace, wanda yake gasa da kai shi ne yake yanka maka lasisi, shi ne jami'in kwastan, shi ne alƙalin da za ka kai wa ƙara. Mutanen Nembe na yankin Brass, waɗanda tun kakanni suke hawa kogin suna sayen manja da abinci, aka wayi gari an ce su baƙi ne, idan suka shiga kasuwannin da suka gada 'yan fasa-ƙwauri ne, a harbe kwalekwalensu. Sun kai kuka, ba wanda ya saurara. A Janairun 1895 Sarki Koko ya jagoranci mutanensa suka auka wa tashar kamfanin ta Akassa. Jiragen yaƙin Ingila, ba na kamfani ba, su suka je suka ƙone Nembe. Mai binciken da gwamnati ta turo, John Kirk, ya tabbatar kukan nasu yana da tushe. Ba abin da ya canza.

A arewa kuwa takardar Thomson tana ta haihuwa. A Agustan 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a tafkin Chadi, da sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato ya faɗo ɓangaren kamfani. Firaminista Salisbury har ba'a ya yi a majalisa, cewa abin da aka bar wa Faransa rairayin Sahara ne. Da Bafaranshe Monteil ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891, bai ga wata alamar mulkin kamfani ba, shi ma ya karɓi tasa takardar. Daga nan Faransa ta ce takarda ba ta isa ba, sai wanda ya kafa bariki. Aka shiga tsere. A 1894 Goldie ya ɗauki wani kyaftin haya, Frederick Lugard, ya tura shi Nikki a ƙasar Borgu. Ya riga Bafaranshe Decoeur da 'yan kwanaki, ya samo takarda ba tare da ya ga sarkin ido da ido ba. Decoeur ya iso da sojoji ya karɓi tasa. A ƙarshe aka raba Borgu biyu, Nikki ga Faransa, Bussa ga Ingila, ba wanda ya tambayi Bargawa.

A Janairun 1897 kamfani ya tafi Bida da soja kamar 500 da Turawa wajen talatin, da igwa da bindiga mai ruwa. Dawakin Nufawa ba su iya kusantar su ba. Etsu Abubakar ya fice, Goldie ya naɗa Makun Muhammadu, wata mai bi ya ci Ilori. Dalilin da aka faɗa wa jama'ar Ingila shi ne hana farautar bayi. Kada mu yi wa kanmu ƙarya, farautar tana nan, mutanen Kabba da maƙwabtansu sun sha wuyar Bida, kuma ba su yi kukan faɗuwarta ba. Amma kamfanin ya yi shekaru yana ciniki da Bida ɗin nan yana sayar mata da bindiga da albarushi, tausayin bayi bai motsa ba sai da Faransa ta matso kuma ake bukatar a nuna mulki na zahiri. Sojojin da suka yi aikin kuwa, akasarinsu Hausawa ne da Yarbawa masu karɓar albashi. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ɗaci a labarin duka, a Plassey da a Bida: Bature kaɗan ne a fagen, sauran 'yan ƙasa ne. Kamfani bai fi sarakuna jarumta ba. Ya fi su biyan albashi a kan kari.

Kada wani ya ce da Faransa ce ta riga zuwa da an ji sauƙi. Ita ta bariki ta shigo, daga Senegal, kuma mutanen Birnin Ƙonni sun ga irin nata a 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone garin ta karkashe jama'a, bayan ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Ɓarnar ta kai har Paris ta turo Kanar Klobb ya tsayar da su, suka harbe shi. Ragowar rundunar ce ta ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, wai ramuwar kashe Kyaftin Cazemajou da aka yi a can a 1898. A Kwango kuwa, a shekarar 1899 ɗin, Faransa ta yanka ƙasa ta raba wa kamfanoni kamar arba'in. Bambancin kawai wane ne ya riga shiga, soja ko ɗan kasuwa.

A ƙarshen 1897 sojan ƙasashen biyu suna kallon juna a ƙauyukan Borgu, yaƙi ya kusa. Nan aka ga iyakar kamfani: zai iya cin Bida, ba zai iya tarar Faransa ba. Chamberlain, ministan ƙasashen mallaka, ya kafa rundunar gwamnati ya ba Lugard. Ranar 14 ga Yuni 1898 aka yi sulhu a Paris, aka zana da'ira mai nisan mil ɗari kewaye da Sakkwato. Faransa ta koka cewa hanyarta zuwa Damagaram ba ruwa, aka gyara layin a 1904 da 1906. Saboda rijiyoyin da ayarin sojan Faransa zai sha ne Ƙonni da Maraɗi da Tasawa suka tabbata a wancan ɓangaren, Illela da Jibiya da Daura a wannan. Ko cin Kano da Sakkwato a 1903, cikin hujjojin da Lugard ya kawo na gaggawa har da cewa masu shata iyaka da Faransa suna bukatar hanya.

To yaya aka sallami kamfanin? An biya shi fam 865,000. An bar masa kantunansa da jiragensa da tashoshinsa. An kuma yi masa alkawarin rabin kuɗin da gwamnati za ta samu daga ma'adinai a wani babban yanki na arewa har shekara 99, tun kafin a fara kwasar kuza a Jos. Ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutarsa a Lakwaja, tsohon ma'aikacinsa Lugard ya ɗaga ta Ingila. Ɗawainiyar mulki da yaƙi ta koma kan gwamnati da masu biyan haraji, ciniki ya zauna inda yake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Lever Brothers suka sayi kamfanin a 1920, ya shiga cikin kamfanin United Africa Company, wato UAC, a 1929, ya ci zamanin dalar gyaɗa, har yau a Kano akwai ginin da ake kira Gidan Goldie. Shi Goldie ya ƙone takardunsa kafin ya mutu. A makaranta sunan Lugard muke haddacewa, alhali shi ɗan aike ne aka fara ɗaukarsa.

Za a ce mini ai akwai waɗanda suka ci moriyar gasar. Akwai, kuma ya kamata a dube su da kyau. Menelik na Habasha ya shigo da makamai ta Jibuti da yardar Faransa, wadda ba ta son Ingila da ƙawarta Italiya su mamaye yankin. Da ya gane Italiya tana karanta yarjejeniyar Wuchale ta 1889 a matsayin ya miƙa wuya, ya mayar mata da bashin da ta ba shi, ya soke takardar, ya tara mayaƙa wajen 100,000 ya karya ta a Adwa a 1896. Sarki Chulalongkorn na Siyam, wato Tailan ta yau, ya tsira a tsakanin Ingila da ke Bama da Faransa da ke Biyetnam, ko da yake sai da ya saki Lawos a 1893 da wasu lardunan kudu a 1909. Ya ɗauki mashawarta daga ƙananan ƙasashe irin Beljiyam da Denmak, yana biyan su albashi, yana iya sallamar su. Abin da mutanen nan biyu suka yi tarayya a kai a fili yake. Harajinsu a hannunsu yake, sojansu nasu ne, kuma ba su kira baƙo ya raba musu rigimar gado ba. Gasa ta taimake su ne saboda ta same su a tsaye. Muhammad Ali da Mir Jafar da Makun kuwa kowannensu baƙo ne ya ɗora shi, don haka baƙo ne ke da shi.

Shi ya sa murnar da ake yi yanzu ba ta kama ni sosai ba. Sojan Faransa sun bar Mali a 2022, sun bar Burkina Faso da Nijar a 2023, kuma ban ga dalilin yi musu kuka ba. Tambayata ita ce wa ya shigo, da wace takarda, kuma da me ake biyan sa. Wagner, rundunar sojan haya ta Rasha da ta shiga Mali da Afirka ta Tsakiya, kamfani ce, mai sayar da hajar nan ta Dupleix, kuma an sha ba da rahoton kamfanonin da ke da alaƙa da ita sun samu filayen zinariya da lu'ulu'u a Afirka ta Tsakiya. Ba Rasha kaɗai ba. Duk wanda ya zo da soja a hannu ɗaya da takardar haƙar ma'adini a ɗayan, ko daga gabas yake ko daga yamma, an san inda hanyarsa take ɓullewa. Ina ganin akwai abin da bai kamata gwamnati ta jinginar ba komai matsi: albashin sojan da ke tsaron fadarta, ikon karɓar harajinta, da alƙalin da zai yi hukunci idan aka saɓa. Kuma kowace yarjejeniya irin wannan a buga ta, a karanta ta a rediyo da harsunan da mutane ke ji, kafin a sa hannu.

Bashin da ake biya da arzikin ƙasa shi ya fi kama da abin da ya faru a Haidarabad, kuma ba ya bukatar ko bindiga ɗaya. A Afrilun 2024 gwamnatin Nijar ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin man China, CNPC, a kan za ta biya da ɗanyen mai. Maƙwabciyarta Chadi ta riga ta bin wannan hanya: a 2014 ta ci bashin sama da dala biliyan ɗaya ta hannun kamfanin Glencore, shi ma a biya da mai. Farashin mai ya faɗi a shekarar, kaso mai yawa na man da gwamnati ke samu ya koma biyan bashi, aka shiga zaftare albashin ma'aikata. Sai da Chadi ta koma teburin kamfanin neman sassauci a 2015, ta koma a 2018, ta sake komawa a 2022.